Shekarar Da Aka Hana Mu Ƙona Daji

Ku ajiye littattafan nan a ƙasa tukuna. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin zaure, tsufa bai cinye mini kunne ba. Wai aikin daji yawo ne a inuwa, wai da ya sami gurbi a karatun likita da ba a gan shi a ajin kiyaye daji da ƙasa ba. Ba zan tambayi wanda ya faɗa ba, ya san kansa. Malamanku ne suka turo ku in gaya muku yadda muka yi aikin nan a Birnin Gwari. To zan faɗa, amma kada kowa ya sa ran zan shafa wa maganar zuma.

Kada ku ɗauka ina raina karatu. Ni ma takarda ce ta kawo ni. Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba aka zaɓe mu, mu samarin da muka gama firamare, aka kai mu horon malaman daji. An koya mana riƙe kamfas mai nuna gabas da yamma, da jan sarƙar awo, da auna kaurin itace daidai ƙirjin mutum. An sa mun haddace sunan kowace bishiya da Hausa, sannan da wani dogon suna na boko mai karya harshe. An koya mana renon iri, da dokar daji, da cika littafin aiki kullum: inda ka je, abin da ka gani, wanda ka gaya wa. Akwai wani malaminmu gajere mai faɗa, shi ke koyar da sha'anin wuta. Ranar farko ya ce mana, "Dajin ƙasar nan sai ya ƙone kowace shekara, ko kun so ko kun ƙi. Abu ɗaya ne a hannunku: yaushe." Muka rubuta, muka ci jarrabawa, aka ba mu takardar shaida da kaki da keke. Aka ce, "Haruna, kai Birnin Gwari." Na iso ina jin duk ƙasar babu wanda ya kai ni sanin daji.

Aikin farko da aka ba ni shi ne share layin iyakar gandun daji ta wajen hanyar Kuyello. Layin iyaka hanya ce da ake sarewa a kewaye gandun, da turakun siminti jefi-jefi, don manomi ya san inda gonarsa ta tsaya. Damina ɗaya ta isa ta haɗiye shi. Aka haɗa ni da leburori shida. Shugabansu Baba Ayuba ne, dattijo ɗan Gbagyi daga Unguwar Kirya, ƙauyen da ke manne da gandun. Ya fara aikin daji tun ban iya ɗaura wando ba. Na kafa kamfas ɗina a gindin wani dutse, na miƙa hannu na ce a sare nan. Suka sare tun hantsi har azahar, ba turke ba alamarsa. Sai Baba Ayuba ya jingina addarsa ya ce, "Malam, wannan abin naka ya sha burkutu." Leburori suka kwashe da dariya. Ya ja ni baya, ya nuna mini tsohon sara a jikin wata bishiyar doka, ya nuna wani a ta gabanta, muka bi su har ya sa ƙafa ya rushe gefen wani suri, sai ga turken siminti a ciki. Ashe dutsen da na tsaya a gindinsa akwai tama, wato ƙarfen ƙasa, a cikinsa, ita ta ja allurar kamfas ɗin. An gaya mana haka a aji. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma sai da na ɓata wa mutum shida yini guda kafin na san shi. Shi kuwa Baba Ayuba bai taɓa raina sarƙar awo ba. In rigimar iyaka ta tashi, shi ke fara cewa, "A kira Malam ya ja ƙarfensa, ƙarfe ba shi da suruki."

Mutanen da za ku yi hulɗa da su ba a cikin littafi suke ba. Mai sassaƙa turmi zai zo yana son bishiyar kirya. Sai ka bi shi da ƙafa har gindinta, ka auna, in ba ta kai ba ka ce a'a, ko da ya zo da zakara a hammata. Masu zarto maɗaci suke so. Su haƙa rami, su gindaya gungumen a kai, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, gari yana zuba a idon na ƙasan. Ba su isa su fitar da ko katako ɗaya ba sai na buga masa guduma mai hatimi, na buga wa kututturen. Wannan gudumar ba na ba kowa aronta, da ita nake tafiya ko biki zan je. Fulani da rani ganyen bishiyar kawo suke nema wa shanu. In ka hana su gaba ɗaya, za su sare a bayan idonka har su yi wa bishiyar ƙwal-kwabo. Sai ka zauna da ardo, ku yi shawarar wane reshe za a sauke, wane za a bari. Mata na zuwa tsintar kaɗanya da ɗorawa, su ba a hana su. Akwai kuma Sule mai amya, shi ma na Unguwar Kirya, wanda ya rataye amyoyinsa na zuma a kan ɗorawoyin bakin gandun. Duk hayaƙin da ya tashi a dajin nan, kafin in gan shi Sule ya riga ya aiko mini, domin wuta ita ce babbar maƙiyar ƙudan zumarsa.

Shuka kuwa, a bakin rafi muka kafa wurin renon iri. Muka yi gadaje, muka yi musu rumfar ciyawa, muka zuba irin malaina da na maɗaci. Matan ƙauyen ke ɗauko ruwa da tulu safe da yamma duk tsawon rani. Da ruwa ya zauna sai mu ja igiya, mu haƙa rami-rami, mu dasa. Gara ta ci, mu sake dasawa, mu zuba toka. Gada ta ci kan, mu sake. Damina bakwai muna wannan. A ta bakwai malainar farko ta wuce tsayin ɗaki, mutum ya shiga cikinta da rana tsaka sai ya ji sanyi. Wanda ya ce yawo ne a inuwa, ya sani inuwar ma da hannu aka yi ta.

Yanzu ku buɗe kunne, ga ƙunar fari, wato ƙona daji da wuri. Bayan ɗaukewar ruwa da 'yan makonni, ciyayin gamba da tofa sukan bushe daga sama, gindinsu na nan da ɗanyantaka. Ka kama ciyawa ka murɗa. In ta lanƙwashe ba ta karye ba, lokaci ya yi. Sai ka fara share layin wuta, wato fili mai faɗi a kewaye shuka da gonaki, ka kankare shi har ƙasa. Ka sanar da mai unguwa da ardo. Da la'asar, in iska ta kwanta, ka kunna kaɗan-kaɗan, mutane na biye da ɗanyun rassa. Irin wannan wutar rarrafe take yi, ba ta wuce gwiwa, raɓar yamma ma kan kashe ta. Ta cinye busasshiyar ciyawa, ta bar itatuwa. In wutar rani ta zo daga baya, sai ta tarar babu abinci. Amma in ka bari ciyawa ta bushe har gindi, ta fara karyewa ƙaras a hannu, to ka tara wa wuta tuwo, sai dai ka jira ranar da za ta zo ci.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi kyau ba, kowa na lallaɓa ɗan abin da ya samu. A shekarar aka kawo mana sabon shugaba a ofis, Malam Tanimu. Takardarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Kada ku ce jahili ne, ya san ƙunar fari fiye da yadda na san ta, a bakinsa na ji wasu bayanan ma. Na shirya mutanena, mun share layi, saura kunnawa, sai ga masinja a kan keke da 'yar takarda: kada a sa wuta ko'ina sai bayan ziyara. Na manna takardar a littafin aiki, na hau keke na nufi gari.

Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, wace ziyara?"

Ya ce, "Babban baƙo zai zo daga babban ofis ya ga shukarmu. Hanyar da motarsa za ta bi ta cikin dajin take. Kana so ya ratsa toka da baƙin kututture, ya ce ba ma aikin komai?"

Na ce, "Yaushe zai zo?"

"Mako biyu."

"Ranka ya daɗe, ciyawa ba ta san mako biyu ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, yanzu ma mun makara."

Ya ce, "Haruna, ni ne shugaba ko kai?"

Na koma. Mako biyu suka wuce, aka ce an ɗaga. Na sake hawa keke. Aka ce baƙo ya yi tafiya, sai ya dawo. Na zo da damin gamba a bayan keke, na ajiye wa Malam Tanimu a kan tebur, na karya ta a gabansa ta yi ƙara. Ya kira masinja ya ce a share masa tebur. Mai unguwar Kirya ya aiko. Ardo ya aiko. Sule ya zo da kansa, ya tsuguna a ƙofar gidana ya ce, "Malam Haruna, ku da kuka yi karatun abin nan, me kuke jira? Gamba ta fi mahayin doki tsawo." Na ce masa baƙo muke jira. Ya dube ni kamar na zage shi. A zuwana na uku lokacin ƙunar fari ya riga ya wuce, ko an ce in kunna ba zan kunna ba. Na roƙi a ƙara mini mutane mu faɗaɗa layin wuta. Malam Tanimu ya ce babu. Kowace tafiya na rubuta ta a littafi, da abin da na faɗa da abin da aka ce mini. Mu bakwai muka yi ta kankarar ƙasa da fartanya, muna sane da cewa layin da zai tare wannan wutar ba a hannun mutum bakwai yake ba.

Ranar wata Talata bayan azahar ta zo. Daga wajen babbar hanya ta taso, iska na bayanta. Har yau ban san wanda ya kunna ba, ko mafarauci ne, ko wani ne ya yar da guntun taba, kuma ban damu in sani ba. Kafin mu ga harshenta mun ji ƙararta, kamar manyan motoci sun jeru. Shirwa ta cika sama. Zomaye da gada suna ratsa mu ba sa ko kallonmu. Shukar ce a gabanta, Unguwar Kirya na bayan shukar. Na kwasa da gudu wajen malaina ina kiran mutane. Baba Ayuba ya riƙe mini hannun riga.

Ya ce, "Malam, itace ko mutane? Hannunmu ba zai kai biyu ba."

Na ce, "Baba, damina bakwai fa!"

Ya ce, "Da ni aka yi su. Zaɓi."

Muka juya ƙauye. Mai unguwa ya fito da kowa, maza da rassa, mata da tuluna. Muka tsaya a bakin gonakin da aka girbe, na ƙyasta ashana na kunna wa dajin wuta daga ɓangarenmu, don tamu ta ci ciyawar da ke tsakani kafin babbar ta iso. Haka aka koya mana, kuma ya yi aiki. Ina tsaye ina kallo babbar ta tsallake layin da muka yi wata biyu muna kankara kamar ba a yi shi ba, ta shiga shukar, ta hau har ƙoli. Da wutar biyu suka haɗu sai iska ta murɗa, ta ɗebo tartsatsi ta watsa a gabashin ƙauyen, inda rumbunan gidan Sule da na maƙwabtansa suke. Jinkar rumbu uku ta kama a lokaci ɗaya. A shekarar da dawa ba ta yi ba, abin da ke cikin rumbunan nan shi ne ran gidaje uku.

Babu ƙugiya, babu dogon sanda a kusa. Baba Ayuba ya taka dutsen gindin rumbu, ya kama jinkar da hannu tana ci, ya fizge ta ya jefar. Ya je na biyu ya yi haka. Ina ihu ina cewa ya bari. A na uku jinkar ta riga ta zama wuta zalla, ya sa hannu duk da haka, ta wargaje a kansa. Muka ja shi, mata suka juye masa tulu. Rumbu biyu sun tsira, na uku ya tafi. Amyoyin Sule ko ɗaya bai rage ba. Ba a rasa rai ba. A motar masu zarto muka kai Baba Ayuba asibiti. Ya yi wata biyu. Da ya fito, yatsunsa sun manne sun lanƙwashe, uku babu su. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe adda, ko ludayi bai iya riƙewa.

Kwana uku bayan wutar Malam Tanimu ya kira ni. Ya tura mini farar takarda ya ce, "Rubuta rahoto. Ka ce mai amyar nan ne ya tayar da wuta wajen yi wa zuma hayaƙi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga babbar hanya ta taso. Amyoyin Sule suna wancan gefen, su ta ci a ƙarshe."

"Wa ya gani? Dole a sami wanda ya kunna."

Na ce, "Wutar rani ba a tambayar wa ya kunna ta. Wa ya tara mata abinci ake tambaya."

Ya miƙe tsaye ya ce, "Kana da iyali, Haruna. Ka yi tunani."

Na ce na yi. Na ajiye masa alƙalaminsa na fita. Shi ya rubuta da hannunsa. Aka aika 'yan doka suka kamo Sule, mutumin da ya tsuguna a ƙofata yana roƙon a yi ƙuna, aka zo da shi gari da igiya a ƙugu. Ranar shari'a ba wanda ya kira ni. Na sa kakina, na ɗauki littafin aiki, na shiga na ce ina da magana. Alƙali ya sa aka karanta, tun daga 'yar takardar da masinja ya kawo har tafiyata ta uku. Ya tambayi Malam Tanimu ko hannunsa ne a takardar. Ya ce nasa ne, amma umarni ne daga sama. Aka kwance Sule, aka ce ya tafi gida. Shi ke nan. Ba a tuhumi na saman ba, ba a tuhumi Malam Tanimu ba. Na nemi a yi wa Baba Ayuba wani abu, aka ce shi leburan yini ne, sunansa ba ya cikin ma'aikata, kuma rumbun ƙauye ba aikin gandun daji ba ne. Mutanen Unguwar Kirya ne suka riƙa noma masa gonarsa har ya bar duniya. Malam Tanimu kuwa, kafin in yi ritaya ya hau kujeru uku. Ni a matakin da na fara a nan na gama.

Wannan shi ne abin da ba ya cikin manhajarku. Za a koya muku ƙasa da ruwa da itace, kuma duk gaskiya ne, ku riƙe shi da kyau. Amma ranar da za a gwada takardarku, ba dutse mai tama ne zai gwada ta ba. Wani mai irin takardarku ne, wanda ya san gaskiyar kamar yadda kuka sani, zai dube ku ya ce ku jira.

Baƙon ya zo fa. Sai da ruwa ya sauka, ya yi kamar wata guda, sabuwar ciyawa ta rufe toka, dajin ya yi kore shar. Aka sa muka jeru a bakin hanya, mu da mai unguwa da dattawan ƙauye. Baba Ayuba ma ya zo ya tsaya a ƙarshen layi, da tsohuwar hularsa ta aiki. Mota ta tsaya, baƙo ya fito da babbar riga, ya dubi dama ya dubi hagu ya ce, "Madalla, madalla. Daji ya yi kyau." Malam Tanimu ya nuna masa tohon doka da ya fito daga kututture, baƙo ya gyaɗa kai, bai tambayi inda shukar take ba. Bai san bishiyar doka ba, bai san malaina ba. Sai ya bi layi yana ba mutane hannu. Da ya iso kan Baba Ayuba, dattijon ya miƙo nasa guda biyu. Baƙo ya ja da baya, ya maida hannunsa cikin riga, ya juya wajen Malam Tanimu ya ce, "Kuturu ne?"

Malam Tanimu ya buɗe baki, ban bari ya yi magana ba. Na fito daga layi na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuturta ba ce, wuta ce. Jiranka ya yi."

Baƙo ya shiga mota, ko gilashi bai sauke ba. Kafin Juma'a takardar canjin wurin aiki ta same ni, zuwa can ƙarshen gandun inda ko keke ba ya shiga da damina. Shekara tara na yi a can, kuma ban ƙara bari gamba ta karye a hannuna ba tare da na riga na sa mata wuta ba.